Aidan na Lindisfarne, Bishop Mai Tafiya a Ƙasa

Aidan ruhubani ne, mutumin tsibirin Ailan, wanda ya zama bishop na farko a Lindisfarne, wani ɗan tsibiri da ke gaɓar arewa maso gabashin Ingila. Ya isa can a shekarar 635 miladiyya, ya kuma rasu ranar 31 ga Agusta, 651. Ga mai son daidaita zamanin da lissafin da ya fi sani, zuwansa ya faɗo ne a farkon halifancin Sayyidina Umar, rasuwarsa kuma a tsakiyar na Sayyidina Usman. Shekara 16 kacal ya yi a bakin aiki, amma a cikinsu ne addinin Kirista ya yi saiwa a arewacin Ingila, saiwar da ba ta sake tumɓukewa ba. Cocin Katolika da na Angalika da na Otodoks duk suna lissafa shi cikin waliyyai, suna kuma tunawa da shi kowace shekara a ranar da ya rasu.

Kusan duk labarinsa ya fito ne daga alƙalamin mutum ɗaya, Bede, wani ruhubani ɗan Ingila da ya zauna a Jarrow, wanda ya kammala littafinsa na tarihin cocin mutanen Ingila a 731, wato shekara 80 bayan rasuwar Aidan. Bede ba ɗan ɗarikar Aidan ba ne. A ganinsa Aidan ya yi kuskure babba a kan lissafin ranar bikin Ista, kuma bai ɓoye wannan ba. Duk da haka da wuya a sami wani bishop a cikin littafin da ya sha yabo kamar Aidan. Yabon da ya fito daga bakin mai saɓani da mutum ya fi na almajirinsa nauyi, shi ya sa masana tarihi suke ɗaukar shaidar Bede da muhimmanci.

Ƙasar da ta haifi Aidan daban take da sauran yammacin Turai. Rumawa sun mulki Birtaniya fiye da shekara 350, amma sojojinsu ba su taɓa cin Ailan ba. Babu birane a tsibirin a lokacin, sai ƙananan masarautu barjat, kowace da sarkinta, kuma da shanu ake auna arzikin mutum. Addinin Kirista ya shiga a ƙarni na 5. A 431 Fafaroma Celestine ya aika da bishop Palladius, sannan ga Patrick, wanda tun yana yaro mahara suka sato shi daga Birtaniya suka bautar da shi a Ailan, ya gudu, daga baya ya dawo yana wa'azi. A ƙasashen Rum, bishop a birni yake zama. Inda babu birni kuwa, sai gidajen ruhubanawa suka zama cibiyoyin addini da ilimi, irin su Clonard da Clonmacnoise da Bangor.

Ruhubani mutum ne da ya haƙura da aure da dukiya, ya shiga jama'ar masu ibada, ya miƙa wuya ga shugaban gida. Gidajen nan ba manyan gine-ginen dutse ba ne. Yawanci bukkoki ne na itace da ɗan ƙaramin coci, an kewaye su da ganuwar ƙasa. A ciki ake noma da kiwo, ake koyon Latin, wanda baƙon harshe ne a gare su, ake haddace Zabura 150, ake kuma kwafar littattafai da hannu a kan fatar maraƙi da aka jeme. Akwai wata ibada da suke ganin ta fi kowace tsanani in ban da mutuwar shahada, ita ce mutum ya bar ƙasarsa har abada saboda Allah. A dokar Ailan ta lokacin, dangi da masarauta su ne garkuwar mutum, wanda ya fita daga cikinsu ya zama mara gata. A kan wannan niyya Columba ya ƙetara teku da abokai 12 a shekarar 563, ya kafa gida a tsibirin Iona, yamma da Sikotilan. Ya rasu a 597, gidan kuma ya ci gaba da bunƙasa. A nan Iona tarihi ya fara ambaton Aidan, yana ɗaya daga cikin ruhubanawa, a zamanin shugabancin Segene.

Abin da ya fitar da shi daga Iona rikicin sarauta ne a Northumbria, babbar masarautar arewacin Ingila, wadda ta haɗa ƙasashe biyu, Bernicia a arewa da Deira a kudu. Mutanenta masu bautar gumakan kakanninsu ne. A 616 aka kashe Sarki Aethelfrith a yaƙi, abokin gabarsa Edwin ya hau gado, 'ya'yan mamacin suka yi gudun hijira arewa. Ɗaya daga cikinsu, Oswald, ya girma a cikin masu magana da harshen Ailan na yammacin Sikotilan, ya iya harshen, aka kuma yi masa baftisma a wurinsu.

Shi ma Edwin ya karɓi addinin, amma ta wata hanya. Ya auri 'yar sarkin Kent, Kirista, ta taho da bishop Paulinus, ɗaya daga cikin masu bisharar da aka aiko daga Rum. Paulinus ya yi wa sarki baftisma a York a 627, jama'a suka bi sarkinsu. An ce a wani zuwa da ya yi fadar Yeavering, kwana 36 ya yi yana koyarwa yana tsoma mutane a kogin Glen daga safe har yamma. Yawan ya burge, amma ginin bai yi ƙwari ba. A 633 Cadwallon sarkin Gwynedd da Penda na Mercia suka haɗa kai suka kashe Edwin. Paulinus ya ɗauki sarauniya ya tsere Kent ta jirgin ruwa, sarakuna biyun da suka gaji ƙasar suka koma addinin gargajiya, kuma cikin shekara guda Cadwallon ya kashe su duka. Addinin da ya shigo ta ƙofar fada ya kusa fita ta nan.

Sai Oswald ya dawo. A wajen 634 ya kafa gicciyen itace a wani fili kusa da tsohuwar ganuwar Rumawa, wurin da ake kira Heavenfield, ya yi addu'a da 'yan dakarunsa, ya ci Cadwallon da yaƙi. Da ya zauna a kan gado bai nemi malamai daga Kent ba, ya aika Iona wurin waɗanda suka rene shi.

Wanda aka fara turowa mutum ne mai tsanani. Ya yi wa'azi na ɗan lokaci, ba wanda ya saurare shi, ya tattara ya koma Iona, ya shaida wa taron dattawa cewa mutanen nan masu taurin kai ne, ba sa koyuwa. Ana cikin shawarar abin yi, Aidan ya juya ya fuskanci mutumin, ya ce masa a ganinsa ya tsananta wa jahilai fiye da kima, kamata ya yi ya fara ba su koyarwa mai sauƙin haɗiya, kamar yadda ake fara jariri da nono kafin abinci mai tauri, har su yi ƙarfin ɗaukar manyan hukunce-hukunce. Duk ido ya koma kansa. Dattawan suka ga wanda ya gano inda cutar take shi ya dace da magani, suka naɗa shi bishop, suka tura shi. Wannan gajeriyar magana ita ce mabuɗin duk aikin da ya yi daga baya.

Oswald ya bar masa zaɓin wurin zama. Bai nufi York ba, inda Paulinus ya zauna, ya zaɓi Lindisfarne. Tsibiri ne mai wani hali: sau biyu a kowace rana ruwan teku yakan janye, yashi ya bayyana, a iya takawa a ƙasa daga gaɓa, sau biyu kuma ya dawo ya rufe hanyar. Daga tsibirin ana hango Bamburgh, fadar sarki da ke kan dutse a bakin teku. Zaɓin ya dace da mutumin: yana kusa da sarki iyakar abin da aiki ke bukata, kuma ruwa na raba su na wasu sa'o'i kullum. A can ya zauna cikin ruhubanawa yana bin ƙa'idar da suke bi, domin naɗin bishop bai fitar da shi daga ruhubananci ba. Idan ya so kaɗaici fiye da haka, sai ya ƙetara zuwa Farne, wani tsibirin duwatsu da ke gaban Bamburgh.

Da farko bai iya harshen mutanen ƙasar sosai ba. Saboda haka idan yana wa'azi ga hakimai da fadawa, Sarki Oswald da kansa yake tsayawa ya yi masa tafinta.

Abin da aka fi saninsa da shi ita ce tafiya a ƙasa. Birni ko ƙauye, da ƙafa yake zuwa, ba ya hawa doki sai larura ta tilasta. A zamanin, doki na sarakuna ne da mayaƙa, kuma talakan da ya hango mahayi ratse masa yake yi. Mai tafiya a ƙasa kuwa, kafaɗa da kafaɗa yake haɗuwa da mutane. Duk wanda Aidan ya gamu da shi a hanya, mai kuɗi ko matalauci, sai ya tsaya ya yi magana da shi. In ba Kirista ba ne ya kira shi, in Kirista ne ya ƙarfafa shi a kan sadaka da aikin kirki. Masu rakiyarsa, ruhubanawa ne ko gama-garin mutane, ba a barinsu su yi tafiyar banza, ko dai suna karatun Littafi Mai Tsarki ko suna haddar Zabura. In sarki ya gayyace shi cin abinci, wanda ba kasafai yake faruwa ba, da mutum ɗaya ko biyu yake zuwa, ya ɗan taɓa, ya tashi ya koma karatu. Ranakun Laraba da Juma'a yakan yi azumi har wajen ƙarfe 3 na rana duk shekara, in ban da kwana 50 na bayan Ista, mutane da yawa kuma suka ɗauki wannan al'ada daga gare shi.

Mu'amalarsa da dukiya ita ce ta ba shi bakin magana a gaban manya. Idan babban mutum ya ziyarce shi, abinci kawai yake ba shi, ba ya yi masa kyautar kuɗi, alhali a lokacin da kyauta ake sayen alfarma a wurin masu mulki. Idan su suka ba shi, nan da nan yake rabar wa matalauta, ko ya fanshi mutanen da aka sayar bayi bisa zalunci. Da yawa daga cikin waɗanda ya fansa ya riƙe su ya koyar da su, har ya naɗa su firistoci. A ƙasar da asali ke yanke wa mutum matsayinsa tun daga haihuwa, tsohon bawa ya tsaya yana jagorantar 'ya'yan sarauta a ibada ba ƙaramin al'amari ba ne. Kuma tun da ba ya cin na kowa, ba ya jin nauyin tsawata wa mai arziki idan ya yi laifi.

Oswald ya yi koyi da shi. Wata ranar Ista suna zaune za su ci abinci, an ajiye akushin azurfa cike da abincin sarauta, sai baran da ke kula da mabarata ya shigo ya ce ga talakawa can cike da hanya suna roƙo. Sarki ya sa a kai musu abincin, a kuma farfasa akushin a raba musu. Aidan ya kama hannun daman sarki ya yi addu'ar kada hannun ya ruɓe. A ranar 5 ga Agusta, 642, Penda ya kashe Oswald a yaƙin Maserfield, ya sa aka daddatsa gawarsa. Daga baya aka karɓo kan aka binne a Lindisfarne, hannun kuma aka ajiye a Bamburgh cikin akwatin azurfa, inda Bede ya ce har zamaninsa bai lalace ba.

Bayan Oswald ƙasar ta sake rabuwa. Ƙanensa Oswiu ya riƙe Bernicia, Oswine ya riƙe Deira, Aidan kuma ya yi aiki da su duka, sai dai ya fi shaƙuwa da Oswine. Wannan sarki ne ya ba shi wani ingarman doki da kayan sarauta, don ya riƙa ƙetare koguna da shi ko ya hau in tafiya ta gaggawa ta taso. Ba a daɗe ba wani mabaraci ya tare shi yana roƙo, Aidan ya sauka ya miƙa masa dokin da sirdinsa da komai. Da labari ya kai fada, suna shirin shiga cin abinci sarki ya yi masa ƙorafi: ga dawakai marasa tsada da sauran kaya da suka isa a ba mabaraci, don me sai wanda ya zaɓa masa da kansa? Aidan ya mayar masa da tambaya, ko ɗan goɗiya ya fi ɗan Allah daraja a wurinsa. Suka shiga, bishop ya zauna, sarki da ya dawo daga farauta ya tsaya yana jin ɗumin wuta da fadawansa. Can sai ya kwance takobinsa ya ba bara, ya zo ya durƙusa a gaban Aidan yana neman gafara, ya yi alkawarin ba zai ƙara sa baki a kan abin da bishop ya bayar daga dukiyarsa ba. Aidan ya tashe shi. Sarki ya saki jiki yana cin abinci, shi kuwa bishop sai hawaye. Firist ɗin da ke tare da shi ya tambaye shi dalili da harshen Ailan, wanda sarki da fadawansa ba sa ji, ya amsa cewa bai taɓa ganin sarki mai tawali'u haka ba, kuma ya san ba zai yi tsawon rai ba, don ƙasar ba ta cancanci irinsa ba.

Aikin da ya fi daɗewa a bayansa shi ne renon 'yan ƙasa. Tun farkon zuwansa ya karɓi yara 12 'yan Ingila yana koyar da su, cikinsu har da Eata, wanda ya shugabanci gidan Melrose daga baya ya zama bishop. Chad almajirinsa ne, ya zama bishop na Mercia a Lichfield, ɗan'uwansa Cedd, wanda shi ma a Lindisfarne ya yi karatu, ya zama bishop na Essex. Bai bar mata a baya ba. Shi ya keɓe Heiu, wadda aka ce ita ce macen farko a Northumbria da ta shiga ruhubananci. Ita kuwa Hild, 'yar gidan sarauta, ta riga ta kama hanyar Faransa don ta shiga gidan ibada a can, Aidan ya kira ta ta dawo, ya samar mata fili a bakin kogin Wear, sannan ta gaji Heiu a Hartlepool, yana ziyartarta yana ba ta shawara. A 657 ta kafa gidan Whitby na maza da mata, wanda biyar daga cikin ɗalibansa suka zama bishop-bishop.

An ruwaito masa karamomi. Ya ba wani firist mai suna Utta tsarkakakken mai ya zuba a teku idan hadari ya taso, aka kuwa yi haka ruwa ya kwanta. Da Penda ya tara itace ya cinna wa Bamburgh wuta, Aidan ya hango hayaƙin daga Farne ya kai kuka ga Allah, iska ta juya kan maharan.

A 651 Oswiu da Oswine suka ja daga. Oswine ya ga rundunarsa ba ta kai ba, ya sallame ta, ya ɓuya a gidan wani hakimi da ya amince da shi, hakimin ya ci amanarsa, aka kashe shi a Gilling ranar 20 ga Agusta bisa umarnin Oswiu. Aidan bai ƙara kwana 12 a duniya ba. Ciwo ya kama shi a wani gandun sarki kusa da Bamburgh, inda yake da coci da ɗakin kwana, aka kafa masa tanti a jikin bangon yamma na cocin, rai ya yi halinsa yana jingine da wani ginshiƙin itace da ya tokare bangon. Aka kai gawarsa Lindisfarne aka binne. An ce a daren nan wani saurayi mai kiwon tumaki a kan tuddai, Cuthbert, ya ga haske da mala'iku suna hawa sama da wani rai, abin da ya sa ya shiga gidan Melrose. Shi ne daga baya ya zama waliyyin da ya fi kowa suna a arewacin Ingila.

Saɓanin Ista ya jira har bayan rasuwarsa kafin ya fashe. Bikin yana bin wata ne, kuma dole ya faɗo ranar Lahadi. Iona na amfani da tsohon jadawali mai zagayen shekara 84, Rum kuma na bin mai shekara 19, don haka a wasu shekaru ranakun sukan saɓa. Har a askin ruhubanawa sun bambanta. Muddin Aidan na raye an yi haƙuri da bambancin saboda girmansa, har Honorius babban bishop na Canterbury yana ganin mutuncinsa. Amma a fadar Oswiu abin ya kai ga sarki na bikin Ista, matarsa Eanflaed, wadda ta tashi a Kent, tana cikin azumi tukuna, kamar dai shekarar da aka saɓa a ganin wata, wani gari na Sallah maƙwabcinsa na azumi. A 664 aka yi taro a Whitby. Hild ce mai masauki, tana goyon bayan Iona, Cedd ne tafinta, Colman, bishop na uku a Lindisfarne, ya kare al'adar magabatansa, wanda ya tsaya wa Rum kuma shi ne Wilfrid, wanda shi ma a Lindisfarne ya fara karatu yana yaro a zamanin Aidan. Sarki Oswiu ya yanke hukunci a bi Rum, bisa hujjar cewa Manzo Bitrus aka danƙa wa mabuɗan Mulkin Sama. Colman ya ajiye muƙaminsa, ya ɗauki wani ɓangare na ƙasusuwan Aidan, ya tafi da ruhubanawan Ailan da kimanin 'yan Ingila 30, daga ƙarshe suka zauna a Inishbofin da Mayo a yammacin Ailan. Da suka tashi, gine-gine kaɗan aka tarar a Lindisfarne ban da coci, babu kuɗi, sai dabbobi. Eata ne ya karɓi shugabancin gidan. Iona kanta ta koma lissafin Rum a 716.

Lindisfarne ta ci gaba da zama cibiyar ilimi. A farkon ƙarni na 8 aka rubuta shahararren kundin Linjila mai ado da ke ɗauke da sunanta, wanda ake dangantawa da bishop Eadfrith, yanzu kuma yana Laburaren Birtaniya a Landan. A watan Yuni na 793 maharan Viking daga arewacin Turai suka far wa tsibirin ta teku, harin da ya girgiza Kiristocin Turai. A 875 ruhubanawan suka tashi da akwatin gawar Cuthbert da sauran kayan tsarki, suka zauna a Chester-le-Street fiye da shekara 100, sannan a 995 suka kafu a Durham, inda kujerar bishop ɗin take har yau. Kangon da ake gani a tsibirin yanzu na wani gida ne da ruhubanawan Durham suka gina a ƙarni na 12, a kusa da shi kuma akwai mutum-mutumin Aidan da aka kafa a 1958. Cocin Bamburgh na ɗauke da sunansa, a ciki ana nuna wani tsohon katako da ake cewa shi ne ginshiƙin da ya jingina da shi. Mazauna tsibirin, wanda aka fi kira Tsibiri Mai Tsarki, ba su kai 200 ba, masu ziyara kuwa suna shiga da mota ta wata hanyar kwalta da teku ke rufewa sau biyu a rana, bisa jadawalin da hukuma ke wallafawa.